Zancen Kimiyya: Fentin Ruwa da Mai Koyon Zane

Zancen kimiyya na yau a kan wani ɗan akwati ya ke, wanda bai fi tsawon tafin hannu biyu ba, irin wanda a kan gani a jakar 'yan makaranta a Ingila da sauran ƙasashe da yawa. In an buɗe shi sai a tarar da 'yan dunƙule-dunƙule goma sha biyu, ko abin da ya yi kusa da haka, kowanne da irin launinsa, ga kuma buroshi ɗaya kwance a tsakani. Wannan shi ne fentin ruwa. Kusan duk wanda ya yi sha'awar koyon zanen hoto da launi, yaro ne ko babba, da shi a kan ce ya fara. Abin mamaki kuwa, gwanayen zane da yawa sun sha faɗin cewa babu fentin da ya kai shi wuyar sarrafawa. To, yaya abu ɗaya zai zama shi ne na mai koyo, shi ne kuma mai ba gwani wahala? Amsar tana cikin yadda aka haɗa fentin, da abin da ke faruwa tsakaninsa da ruwa da takarda da haske.

Da farko dai, kowane irin fenti abu biyu ne aka gama: gari mai launi, da wani abu mai danƙo wanda zai riƙe garin ya manna shi a jikin abin da aka shafa. Shi garin ba narkewa ya ke yi ba kamar yadda gishiri ko sukari ke narkewa. Ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya rarrabe su sai da madubin ƙara girman abu, suna yawo cikin ruwa kamar yadda laka ke yawo cikin kogi da damina, in ruwan ya tafi su zauna. Garin da ke cikin fentin mai, da na fentin roba, da na fentin ruwa, yawanci duk ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne mai riƙon. Na fentin ruwa kuwa ba baƙon abu ba ne ga masu sauraro, gama ƙaro ne.

Masu sauraro na Sudan da Cadi sun fi kowa sanin asalinsa. Itacen dakwara, wanda Larabawan Sudan ke kira hashab, shi ne ke ba da ƙaro mafi kyau. Dushe, watau talha, yana ba da wani wanda bai kai wancan daraja ba. In damina ta janye, ganye ya fara kaɗewa, sai manomi ya tsaga ɓawon reshe ya bar shi. Bayan mako huɗu zuwa shida ya komo ya tarar ruwan itacen ya tsattsafo ya daskare, dunƙule-dunƙule kamar duwatsun wuya. Itace guda bai cika ba da ko rabin kilo a shekara ba. Sudan ce ta daɗe tana gaba wajen fitar da shi, musamman daga Kurdufan, inda kasuwar Ubayyid ta yi suna, sa'an nan Cadi da arewacin Nijeriya suna biye. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu na 2023 ya dagula wannan ciniki, har kamfanonin lemon kwalba da na magunguna, waɗanda ke cikin manyan masu saye, suka shiga damuwa. Masu yin fenti kaɗan su ke ɗauka cikin wannan kaya, amma sun daɗe da shi. Tun mutanen Masar na zamanin da su ke gama launi da ƙaro, suna zane a kan takardar da su ke yi da ciyawar bakin Nilu.

Ƙaro yana narkewa cikin ruwan sanyi, ba sai an dafa ba. In ruwan ya bushe, sai ya bar wata siririyar fata garau kamar gilashi, wadda ta rungume ƙwayoyin launin. In kuma aka sake jiƙa shi, ko bayan shekara ne, sai ya sake narkewa, domin bushewar ba ta canja jikinsa ba, ruwa ne kaɗai ya fita. Duk wanda ya yi karatun allo ya riga ya ga wannan da idonsa. Tawadar da a ke haɗawa da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro tana kama allo ta zauna daram, amma ran da aka zo wanke allo, ruwa kaɗai ya isa. A wajen masanin kimiyya, tawadar allo da fentin ruwan da a ke sayarwa a kantunan Landan 'yan gida ɗaya ne.

Fentin mai ba haka ya ke ba. Man da a ke dama shi da shi, wanda a ke tatsa daga 'ya'yan tsiron da a ke yin yadin lilin, ba ya bin iska kamar ruwa. Zuƙar iskar oksijin ya ke yi a hankali, ƙwayoyinsa suna sarƙewa da juna har su zama fata mai tauri. Wannan ya kan ɗauki kwanaki kafin a iya taɓawa, wata shida ko fiye kafin ya ƙeƙashe har ciki. Ruwa ba ya wanke shi daga buroshi sai da man tarfentin ko wani irinsa, mai wari, mai sa ciwon kai a ɗakin da iska ba ta ratsawa, mai kama wuta kuma. Fentin roba, wanda ya shigo kasuwa cikin shekarun 1950, da ruwa a ke dama shi, yana kuma bushewa da wuri, amma in ya bushe ya bushe ke nan. Mai koyon da ya manta bai wanke buroshinsa ba ya yi hasararsa, abin da ya rage a faranti ma sai zubarwa. Mai fentin ruwa kuwa ya rufe akwatinsa yau, gobe ya ɗiga ruwa ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko ƙwaya bai yi hasara ba.

Saurin bushewar nan shi ne babban mai taimakon mai koyo, ko da ya ke ba a cika lura da shi ba. Hannu ba ya iya sana'a sai ta gwadawa, da ganin abin da ya fito, da sake gwadawa, gwargwadon kusancin aiki da sakamakonsa kuwa, gwargwadon saurin iyawa. Mai fentin ruwa ya shafa launi, cikin 'yan mintoci ya ga yadda ya zauna. Abu na fari da zai gano shi ne, launin ya kan kwanta ya yi haske in ya bushe, bai kai ƙarfin da ya ke da shi sa'ad da ya ke jiƙe ba. Babu malamin da zai iya gwada masa iyakar wannan bambanci da baki, sai ya gani sau ashirin idonsa ya riƙe. A yamma ɗaya yana iya zana gajimare sau goma a 'yan gutsattsarin takarda goma, ya jera su ya duba wanne ruwa ya yi wa yawa, wanne ya yi wa kaɗan. Kuma da ya ke takarda ba ta kai tsadar ƙyallen da a ke ɗaurawa a katako don fentin mai ba, ba ya jin tsoron ɓatawa. Tsoron ɓata kaya ya hana mutane koyon abin da su ke so fiye da yadda rashin basira ya hana su.

Ɗan akwatin nan bai daɗe a duniya kamar yadda a ke tsammani ba. A da, mai zane shi ke niƙa garinsa a kan dutse, ya dama da ƙaro, aikin da ya kan cinye safiya. A ƙarshen ƙarni na 18 wani mai sayar da launi a Landan, William Reeves, ya gano dabarar curawa da busar da fentin ya zama dunƙule wanda ba ya tsagewa, har wata ƙungiyar masu ƙarfafa sana'o'i ta ba shi da ɗan'uwansa lambar girma ta azurfa a 1781. Sai dai dunƙulen yana da tauri, tilas a yi ta goga shi a faranti da ruwa kafin launi ya fito. Gyaran ya zo daga wasu abokai biyu, William Winsor, masanin haɗa magunguna, da Henry Newton, mai zane, waɗanda suka buɗe kantinsu a Landan a 1832. A 1835 suka fito da fenti mai gilisarin a ciki. Gilisarin wani ruwa ne mai kauri mai zaƙi da a ke samu daga kitse, halinsa kuwa jawo laima daga iska, saboda haka dunƙulen ba ya ƙeƙashewa sarai, da an taɓa shi da jiƙaƙƙen buroshi sai launi ya taso. Zuma ma tana wannan aiki, har yau akwai masu sa ta. A 1841 kuma wani mai zane ɗan Amurka, John Rand, ya ƙago 'yar jakar kuza da a ke matsawa, irin wadda man goge baki ke zuwa a ciki yanzu. Daga nan wanda bai san kome game da niƙa da damawa ba ya sami damar ya zauna ya fara zane a ranar da ya sayi kaya.

Tun kafin wannan sauƙi ma, fentin ruwa kayan aikin waɗanda zane ba shi ne ainihin sana'arsu ba ne. Kafin a ƙago kyamara, hafsan soja da aka aika ya leƙo wani kwari ko ganuwa dole ya komo da hotonsa a takarda. Saboda haka makarantar hafsoshi ta Wulwic a Ingila ta ajiye malamin zane, Paul Sandby, daga 1768 har 1796, yana koya wa samarin da igwa ce gabansu yadda za su fitar da tudu da gangare da 'yan launuka kaɗan. Masu binciken tsire-tsire da ƙwari su ma da shi suka dogara, domin ba shi da nauyi, duk inda aka sami ruwan sha kuma an sami abin dama shi. Maria Merian, Bajamushiya, ta tafi Surinam a Amurka ta Kudu a 1699, tana da shekara 52, ta zana yadda tsutsa ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi tare da ganyen da kowace iri ke ci. Sydney Parkinson, saurayin da ya bi jirgin Kyaftin Cook a 1768, ya zana ɗaruruwan tsire-tsire, yana gaggawa kafin su yi yaushi su canja launi, ya kuwa rasu a teku a 1771 bai ga gida ba. A tsibirin Tahiti ƙudaje suka dame shi, yana shafa launi suna cinyewa daga takarda. Ba abin mamaki ba ne, gama ƙaro abinci ne, balle in an gama shi da zuma ko sukari. Mai koyo a ƙasar zafi ya riƙa rufe akwatinsa saboda kiyashi da kyankyaso.

Yanzu sai zancen haske, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Isaac Newton ya gwada tun cikin shekarun 1660 cewa farin hasken rana gamin launukan bakan gizo ne, sa'ad da ya ratsa shi ta gilashi mai kusurwa uku ya rarrabu. Garin launi ba ya ƙirƙirar haske. Abin da ya ke yi shi ne ya shanye wani sashe na launukan nan, ya mayar wa ido da saura. A fentin mai, in ana son shuɗi mai haske sai a gama shi da farin fenti. A fentin ruwa ƙara ruwa kaɗai a ke yi. Ƙwayoyin launi sai su warwatsu su yi nisa da juna, farar takarda ta riƙa leƙowa ta tsakaninsu tana mayar da haske, ido kuwa ya gama biyun ya ga shuɗi mai haske. Watau farin da ke cikin hoton duk na takarda ne. Wannan shi ya sa hoton fentin ruwa ke da wani irin sheƙi kamar haske na fitowa daga cikinsa. Ga mai koyo kuma amfanin a fili ya ke: da launi ɗaya da kofin ruwa zai iya fitar da matakai da yawa, daga duhu ƙirin zuwa abin da ya yi kusa da fari, ya koyi rarrabe haske da inuwa kafin ya shiga rikicin launuka. Hoton da haskensa da inuwarsa suka daidaita yana kama da abin da aka zana ko da launi ɗaya aka yi shi. Wanda suka karkace kuwa, launi ɗari ba za su cece shi ba.

A nan kuma wuyar da gwanaye ke faɗi ta ke. Tun da ya ke fentin ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, dole a fara da mai haske a ƙare da mai duhu, inda a ke son fari kuwa a kewaye shi tun farko a bar takarda tsirara. Mai fentin mai in ya yi kuskure sai ya shafa wani a kai ya binne shi. Mai fentin ruwa yana iya ɗauke launi da soso ko busasshen ƙyalle, amma da wuya takarda ta koma fari fat. J. M. W. Turner, ɗan wanzami a Landan wanda ya zama sarkin wannan sana'a, yana da shekara 15 aka rataya hotonsa na fentin ruwa a babban nunin zane na Landan a 1790, amma har ya girma ya kan karce takarda da farcen babban yatsa don ya tono farin da ya rufe. Winston Churchill ya fara taɓa buroshi a 1915, yana da shekara 40, bayan an sauke shi daga shugabancin ma'aikatar jiragen ruwan yaƙi, ransa a ɓace. Da fentin ruwa ya fara, bai jima ba ya koma na mai, ya kuwa zana hotuna fiye da 500 kafin ya rasu. Wanda zai ce labarinsa ya nuna fentin ruwa bai dace da mai koyo ba, ya tuna cewa ɗan akwatin da ya tarar a gida shi ya sa shi a hanya. Gaskiyar magana ita ce, farawa da shi yana da sauƙi, ƙwarewa ce ke da wuya. Wuyar ma tana da amfani, domin tana tilasta wa mutum ya duba abin da zai zana da kyau, ya san inda haske ya faɗa, kafin ya tsoma buroshi.

Launuka kuwa ba a bukatar da yawa. Shuɗi da rawaya su ba da kore, domin kowanne ya shanye nasa sashe, kore ne ya tsira daga duka biyun. Ja da rawaya su ba da ruwan goro, ja da shuɗi su ba da shunayya. In aka gama uku ko huɗu barkatai, kusan duk hasken ya shanye, sai a sami ruwan taɓo. Shida sun isa mai koyo shekara guda.

Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne takarda, gama araha ba ta ado. Masu koyo da yawa sun yanke wa kansu hukuncin rashin iyawa alhali laifin takarda ne. Takarda zare ne na auduga ko na itace aka tattake, zaren nan kuwa yana kumbura in ya sha ruwa. Inda ya jiƙe ya buɗe, inda ya bushe ya tsaya, sai takardar ta yi tudu da kwari, launi ya gangara ya taru a kwarin. Takardar ofis nauyinta gram 80 ne a kowane murabba'in mita, tana jin ruwa ta lanƙwashe. Wadda aka saba yin fentin ruwa a kai gram 300 ce. Ban da kauri, a kan tsoma ta cikin wani danƙo, wanda tun da a ke dafawa daga fatu da ƙasusuwa, don kada ta zuƙe ruwa nan take kamar takardar shan tawada. Wannan danƙo shi ke sa launi ya zauna a bisa na ɗan lokaci, mai zane ya sami damar ja da shi inda ya ke so, ko ya ɗauke shi in bai yi ba. James Whatman, mai masana'antar takarda a Kent, shi ne cikin shekarun 1750 ya fara yin takarda mai santsi wadda ba ta da layukan waya a jikinta, masu zanen Ingila kuwa suka kama ta hannu biyu. Wanda bai sami mai kauri ba yana iya jiƙa siririya gaba ɗaya, ya manne gefunanta a katako da takarda mai gam, ya bari ta bushe. Za ta miƙe kamar fatar ganga.

Akwai wani abu da kowane mai koyo ke gani a makonsa na fari, ya ɗauka kuskurensa ne. In ya shafa launi da ruwa mai yawa ya bari ya bushe, sai ya tarar bakin shafin ya yi wani siririn layi mai duhu, tsakiya kuwa ta yi haske. Masu zane sun san wannan shekaru ɗaruruwa, amma sai a 1997 wasu masana a Jami'ar Shikago, Robert Deegan da abokan aikinsa, suka bayyana dalilinsa, suna binciken zoben da ɗigon gahawa ke bari a tebur. Bakin ɗigon ruwa yana maƙale wa abin da ya faɗa a kai, ba ya ja da baya. A bakin nan ne kuma ruwa ya fi saurin bin iska. Don a cike gurbin abin da ya tafi, sai ruwa ya riƙa malalowa daga tsakiya zuwa gefe, yana ɗauke da ƙwayoyin launi, ya jibge su a can. Binciken ya amfani masu ƙera injin buga takarda mai fesa tawada, waɗanda wannan zobe ke ɓata wa aiki. Mai zane kuwa, in ya san dalili, yana da zaɓi: ya tsotse rarar ruwan da busasshen buroshi in ba ya son layin, ko ya bar shi ya zama gefen ganye ko bakin gajimare.

Haka kuma in aka ɗiga sabon ruwa a wurin da ya fara bushewa bai gama ba, ruwan ya kan kutsa ya ture launin da bai kafu ba, ya bar tabo mai gefe kamar fure. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙa'idar ɗaya ce, ruwa daga inda ya fi jiƙa ya ke tafiya zuwa inda bai kai ba, saboda haka ko dai a ƙara launi tun wurin yana sheƙi, ko a haƙura sai ya bushe sarai. Tsawon wannan jira kuwa ya danganta da inda mutum ya ke zaune. A Hartum ko Injamena da hunturu, iska a bushe ta ke, shafin fari ya kan bushe kafin a ɗebo na biyu, sai a yi aiki a inuwa, a dama launi da yawa tun da wuri, a jiƙa takarda kafin a fara. A Kumashi ko Duwala da damina, jira ne zai gajiyar da mutum, akwatin da aka rufe a jiƙe kuma ya yi fumfuna. Dakta Edward Wilson, likitan da ya bi Kyaftin Scott zuwa ƙarshen duniya na kudu, ya rasu tare da shi a 1912, nasa ciwon kan daban ne: a waje ruwa daskarewa ya ke yi. Sai ya zana da fensir, ya rubuta sunayen launuka a gefe, in ya komo ɗaki ya shafa.

Su ma launukan kowanne da halinsa, bai kamata a gaya wa mai koyo cewa duk kuskure yana wankuwa ba. Akwai wani shuɗi da a da a ke niƙawa daga dutsen lazward na Badakshan a Afganistan, mai tsada ƙwarai, har wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Guimet, ya gano yadda za a toya irinsa a tanda, ya ci kyautar faran 6,000 a 1828. Ƙwayoyinsa suna da ɗan girma da nauyi, su kan kwanta a ramukan takarda, suna kuma ɗaukuwa da jiƙaƙƙen buroshi. Akwai kuma wani shuɗin na zamani da aka fara sayarwa a Ingila a 1935, wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna shigewa tsakanin zaren takarda su kama kamar baba a hannun marini. Launukan ƙasa, irin su jar ƙasa da rawayar ƙasa, su ne masu sauƙin hali, ga araha, ba su kuma koɗewa. Gargaɗi ɗaya: waɗansu ja da rawaya da shuɗi na gwanaye daga ƙarafa masu guba a ke yin su, irin su kadmiyam da kobal. Kada a tsotsi bakin buroshi don ya yi tsini, kada kuma a sha ruwa da kofin wanki. Yara a saya musu wanda aka rubuta cewa na yara ne.

Hoton da aka gama kuma yana bukatar tsaro, gama fatar ƙaro siririya ce, ba ta kare launi kamar yadda mai ke karewa. A 1888 wasu masana biyu a Ingila, Russell da Abney, suka ba da rahoton gwajin da gwamnati ta sa su. Sun shafa launuka iri iri a takarda, suka shanya su a haske, suka tarar waɗansu, musamman jajayen da a ke samu daga ƙwari da tsire-tsire, suna koɗewa da sauri, suka kuma gano cewa laima da iska suna taya haske ɓarna. Launukan yanzu da yawa sun fi na wancan zamani jure wa rana, amma duk da haka bangon da rana ke duka ba wurin rataya hoton fentin ruwa ba ne, a sa shi bayan gilashi, ko a ajiye shi cikin littafi. Wani attajirin Landan mai tara hotuna, Henry Vaughan, wanda ya rasu a 1899, ya bar wasiyyar hotunan Turner 38 ga gidan ajiyar hotuna na Edinbara, 31 kuma ga na Dablin, bisa sharaɗin a nuna su ga jama'a kyauta, amma cikin watan Janairu kaɗai, sa'ad da rana ta fi rauni a waɗannan ƙasashe. Gidajen biyu sun riƙe sharaɗin fiye da shekara ɗari. Da Janairu ya ƙare a kan mai da hotunan cikin akwatunansu a rufe, launinsu kuwa har yau bai dushe ba.